Takardar Gwaji Ta Fito, Amma Aiki Bai Ƙare Ba

Duk wanda ya bi titin Abuja zuwa Keffi ta Mararaba zai ga allunan ɗakunan gwaje-gwaje rataye a jikin benaye. Mutum ya ba da jini da sassafe, ya shiga cunkoso ya tafi aiki, da yamma a turo masa hoton sakamako ta WhatsApp. Daga nan sai ka ji an ce: "Ai na'ura ba ta ƙarya. Tunda takarda ta fito, magana ta ƙare."

Masu wannan magana suna da hujjarsu, kuma ina girmama ta. Wanda ya je gwaji ya fi wanda ke shan magani da ka. Sai dai, 'yan'uwa, aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Tsakanin na'ura da hannun likita akwai tafiya, kuma mutane ne ke yin ta.

Mu ɗauki mai juna biyu da aka auna yawan jininta, wato PCV. Na'ura ta nuna 13. Mai kwafa ya gaji, layi ya yi tsawo, sai ya rubuta 31. Mai 13 tana buƙatar kulawar gaggawa, wataƙila har da ƙarin jini. Mai 31 kuwa ƙwayoyi za a ba ta ta koma gida. Na'ura ta faɗi gaskiya, alƙalami ya juya ta. Haka in mata biyu masu suna ɗaya suka zo a safiya ɗaya, takardar wannan na iya faɗawa hannun waccan. Shi ma sukari ma'auni biyu gare shi: 7 a ɗaya daidai yake da 126 a ɗayan, don haka lambar da ba a rubuta ma'auninta ba ruɗani ce. Ga kuma gwajin jinsin jini kafin aure, inda harafi ɗaya tsakanin AA da AS ke shafar zuri'a.

Masana sun daɗe da gane haka. A 2006, Farfesa Mario Plebani na Jami'ar Padua a Italiya ya nuna cewa kashi 18.5 zuwa 47 cikin ɗari na kurakuran gwaji suna aukuwa ne bayan an gama auna samfuri. Haka kuma ƙa'idar duniya ta ISO 15189, wadda aka fara fitarwa a 2003, ta wajabta ƙwararre ya duba sakamako kafin a sake shi. Zai tabbatar da suna, ya gwama da sakamakon baya in akwai, ya sa hannu. In lambar ta nuna rai na cikin haɗari, a kira likita nan take, kada a jira mai takarda ya dawo gobe. A Najeriya, hukumar MLSCN da dokar 2003 ta kafa ita ke yi wa masana gwaji da ɗakunansu rajista, ta kuma sa musu ido.

Ko takardar ta fito ba kuskure, saura fassara. Gwajin Widal guda ɗaya bai isa ya tabbatar da taifot ba, amma da yawanmu muna wucewa da shi kemis kai tsaye a haɗa mana allurai.

Ina roƙon masu ɗakunan gwaji su riƙe amanar wannan mataki na ƙarshe. Kai kuma mai karɓar takarda, kafin ka sauko daga bene duba sunanka, shekarunka, kwanan wata, ma'auni da sa hannun ƙwararre. Kai ta wurin likita. In abin da ke rubuce ya saɓa wa abin da jikinka ke faɗa, nemi a sake gwajin. Matambayi ba ya ɓata.