Bashin da 'Yan Asalin Kanada Ke Bin Jami'o'in Ƙasar

Fiye da shekara 100 gwamnatin Kanada, da haɗin bakin wasu majami'u, ta yi tana raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu tana kai su makarantun kwana. Yara wajen 150,000 ne aka tura waɗannan makarantu, inda ake dukan yaro don ya yi magana da harshen uwarsa. Dubbai sun mutu a can saboda tarin fuka da yunwa da sakaci. Sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe.

A 2015 Hukumar Gaskiya da Sulhu, a ƙarƙashin mai shari'a Murray Sinclair, ta fitar da buƙatu 94 na gyara ɓarnar. Jami'o'i ba su tsira ba. Buƙata ta 16 ta nemi su buɗe digiri a harsunan 'yan asali. Ta 24 ta ce a wajabta wa ɗaliban likitanci da jinya darasi kan lafiyar waɗannan al'ummomi da tarihinsu, ta 28 kuma ta nemi haka ga masu karatun lauya. Dalilin a fili yake: jami'o'i ne suka horar da da yawa daga cikin jami'an da suka tafiyar da wancan tsari, kuma suka yi gum a kansa shekara da shekaru.

Jami'ar British Columbia da ke Vancouver tana zaune ne a ƙasar al'ummar Musqueam, wadda masu ita ba su taɓa miƙa ta ta wata yarjejeniya ba. A Afrilun 2018 shugabanta na lokacin, Santa Ono, ya nemi gafarar waɗanda suka sha wuya a makarantun kwanan, aka kuma buɗe cibiyar adana tarihin makarantun a harabar jami'ar. Sai dai neman gafara abu ne na yini ɗaya. Aikin da ya fi nauyi shi ne wanda ya biyo baya a 2020, lokacin da jami'ar ta ƙaddamar da kundin manufa mai buri 8 da matakai 43, bisa tafarkin sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asali. Kundin ya taɓa manhaja, ɗaukar ma'aikata, da yadda za a yi bincike a cikin al'umma da yardarta. Amfanin rubutacciyar manufa shi ne ana iya riƙo ta a tambayi shugaba: wannan mataki fa, ina aka kwana?

An fara ganin amfanin irin wannan yunƙuri a aji. A 2016 jami'o'in Winnipeg da Lakehead suka wajabta wa sababbin ɗalibansu karanta wani abu game da 'yan asalin ƙasa kafin su gama. A 2018 Jami'ar Victoria ta buɗe digirin da ke haɗa dokar Kanada da dokokin gargajiyar 'yan asali, irinsa na farko a duniya. A 2021 reshen Jami'ar British Columbia na Okanagan ya fara digirin ƙwarewa a harshen Nsyilxcn, tare da cibiyar En'owkin ta al'ummar Syilx. A 2023 kuma jami'o'in Waterloo da Toronto suka ɗauke kuɗin karatu ga 'ya'yan wasu al'ummomin da jami'o'in ke zaune a yankinsu.

Inda aka fi shan fama shi ne batun wane ne ɗan asali. Da aka ware guraben aiki da tallafin karatu, an daɗe ana karɓar maganar mutum kawai, har wasu da ba su da wannan asali suka shige. Bayan wata taƙaddama irin wannan, Jami'ar Saskatchewan ta fitar da manufa a 2022 wadda ta bar wa gwamnatoci da al'ummomin 'yan asalin su faɗi irin shaidar da za a karɓa. Wannan shi ne daidai, domin ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Akwai kuma koken da malaman jami'a 'yan asali ke yi: su kaɗan ne, amma kowane kwamiti su ake kira, har lokacin bincikensu ya tafi a zaman taro.

Don haka a ganina tambayoyi uku ne za su nuna ko manufa ta gaskiya ce. Shin al'ummar tana da kujera a wurin da ake yanke shawara, ko dai sanar da ita ake yi? Shin an ware wa aikin kuɗi na dindindin a kasafi, ko ya rataya ne a wuyan shugaba guda? Shin ana bayyana sakamako duk shekara, har da inda aka gaza? Jami'ar da ta amsa waɗannan da hujja ita ce ta fara biyan bashin, kuma al'ummomin da aka zalunta su ne za su faɗi ko biyan ya kai.