YADDA ZA A CIRE BUSASSHEN GAM DAGA JIKIN KWAMFUTA BA TARE DA ƁARNA BA

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama kayan aikin yau da kullum a ofisoshi da makarantu da gidajen jama'a. Sau da yawa gam yakan ɗiga a jikinta ya bushe, ko kuwa a ɓamɓare wata takarda da aka manna mata, danƙon ya tsaya a wurin. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, yawancin ɓarnar da akan samu ba gam ɗin ne yake jawo ta ba, maganin da akan yi gaggawar shafa masa ne. Don haka sai a yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido.

Dalilin Yin Hattara

Jikin yawancin waɗannan na'urori an yi shi ne da wata irin roba da ake kira ABS, ko kuwa haɗinta da wata robar mai suna folikabonet. Sinadarin asiton, wanda yake cikin yawancin ruwan goge jan farce, yana narkar da gam, amma kuma yana narkar da wannan roba. Da zarar ya taɓa ta sai wurin ya yi laushi, ya dushe, ya bar farin tabo wanda ba ya gyaruwa. Haka nan ruwan tsinka fenti da fetur suna cin roba, ga kuma hatsarin gobara. Reza da wuƙa da soson ƙarfe kuwa ƙarzar jikin suke yi.

A San Irin Gam Ɗin

Gam iri-iri ne, kowane da maganinsa. Farin gam na takarda da katako yana yin laushi da ruwan ɗumi. Danƙon da takardar mannawa ta bari yana sakin jiki idan an ɗan ɗumama shi ko an shafa masa mai. Gam na kyandir, wanda ake narkarwa da zafi, yana ɓamɓaruwa idan an ɗiga sifirit a gefensa.

Mai wuyar sha'ani shi ne wanda aka sani da Super Glue. Wani masani ɗan Amurka, Harry Coover, shi ya gano sinadarinsa a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Danshin da ke cikin iska shi ke sa shi daskarewa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma yana kama roba ƙam. Idan ya zuba yana ɗanye, kada a goge shi da auduga, domin haɗuwarsu tana haifar da zafin da zai iya ƙona yatsa, kuma gugar tana ƙara baza shi. Gara a bar shi ya bushe.

Matakan Da Za A Bi

1. A kashe kwamfutar ɗungum, a zare wayar caji. In batirinta mai fita ne, a cire shi.

2. A rufe kafofin iska da ramukan sa waya da ke kusa da wurin, don kada ruwa ya shiga ciki.

3. A jiƙa ƙyalle mai laushi da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a matse shi sosai, a ɗora kan gam ɗin na 'yan mintoci. Ba a zuba ruwa kai tsaye a kan na'urar.

4. A sa farce ko tsohon katin roba, a kwantar da shi, a riƙa ɗaga gam ɗin daga gefe a hankali. In ya ƙi, a sake jiƙawa. Sannu ba ta hana zuwa.

5. In danƙo ya rage, a ɗiga man gyaɗa ko man zaitun kaɗan a ƙyalle, a shafa, a dakata, sa'an nan a goge man da ƙyallen sabulu.

6. In duk wannan bai yi ba, sai a koma ga sifirit irin na masu gyaran waya, wanda ake kira aisofurofil. A fara gwada shi a wani ɓoyayyen wuri a ƙarƙashin kwamfutar. In launi bai sauya ba, a shafa kaɗan, kada a bar shi ya daɗe a kan robar. A yi aikin a wuri mai iska, nesa da wuta.

7. A bari wurin ya bushe sarai kafin a kunna na'urar.

Gargaɗi Game Da Zafi

Ana iya ɗumama danƙo da na'urar busar da gashi, a mafi ƙarancin zafinta, daga ɗan nesa, na ɗan lokaci kaɗan. Amma batirin kwamfuta na litiyam ne, zafin da ya wuce digiri 60 yana lalata shi, har yana iya sa ya kumbura ko ya kama wuta. Saboda haka kada a shanya kwamfuta a rana, kada kuma a kusanto ta da dutsen guga ko ashana.

Inda Ya Kamata A Tsaya

Idan gam ya shiga tsakanin maɓallan rubutu, ko ya taɓa gilashin allo, ko kuwa irin gam ɗin nan ne mai ruwa biyu da ake gaurayawa, to, aikin ya fi ƙarfin gida. A kai wa ƙwararren mai gyara. In kuma ɗan tabo ne ya ƙi fita a inda ba ya hana aiki, barinsa ya fi alheri, domin tabon gam ba ya rage wa kwamfuta komai.

Daga ƙarshe, ana jawo hankalin jama'a da su riƙa yin aikin gam nesa da kwamfuta, su kuma ajiye shi inda hannun yara ba ya kaiwa. Rigakafi ya fi magani.