Mece ce motar UTV, kuma me ke sa ta kifewa?

Sunan UTV na yawan fitowa a labaran haɗurran gona daga Amurka da Ostireliya. Ƙaramar mota ce mai ƙafa huɗu da aka ƙera don gona da daji, ba don kwalta ba. Tana da sitiyari, da kujeru biyu a jere, da bel, da kejin ƙarfe mai kare mutum idan ta kife, sai ɗan bodin kaya a baya. Kamfanin Kawasaki ya fito da samfurin Mule a 1988, kuma Polaris Ranger da John Deere Gator na cikin sanannu.

Tana da tsayi amma ba faɗi, shi ya sa kwana da gudu ko ratsa gangara a karkace ke kayar da ita. Lodi na ƙara haɗarin. A bi nauyin da kamfani ya rubuta a jikinta, a sa kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da bayan kujera, a ɗaure su tamau. Buhunan da aka tula sama suna rinjayar motar gefe guda.

Wajen jan tirela, a maƙala ta a ƙugiyar da aka tanada kaɗai, a sa ƙaramin giya, a fara taka birki da wuri, domin nauyin baya na ingiza motar a gangara.

Manoma da makiyaya na yawan amfani da ita, amma abin da ya fi tayar da hankali shi ne yara. Masu ƙera ta a Amurka sun ce kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa, kuma kada a ɗauki kowa a bodi, inda babu bel babu keji.