Na'urar Leza Tana Goge Jarfa, Amma Ba Ta Shafe Tsagar Wanzami

A Masama da sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, akan ga dattawa da tsagar gado a fuska, mata kuma da jarfa a kumatu ko a wuya. A da can wannan ado ne, kuma shaidar asali. Yanzu zamani ya juya, har dokar Tarayya ta kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko jarfa. To, wanda aka riga aka yi wa fa, yana kuma so ya rabu da zanen?

Abin da ya kamata ya fara sani shi ne, tsaga dabam, jarfa dabam. Tsaga yankan aska ne da ya warke ya bar tabo. Jarfa kuwa baƙi ne na kunkunniya ko tawada da aka cusa cikin fata. Na'urar goge jarfa, wadda ke aiki da wani haske mai ƙarfi da ake kira leza, launi take bi. Tabon aska iyakarsa likita ya rage fitowarsa ta wasu hanyoyi, amma ba ya ɓacewa ɗungum.

Wani masani a Amurka, Theodore Maiman, shi ya ƙera leza ta farko a 1960, sa'an nan likitan fata Leon Goldman ya gwada ta kan jarfa cikin shekarun 1960. A 1983 Anderson da Parrish suka bayyana yadda za a auna hasken ya bugi launi kaɗai, ya ƙyale naman da ke kewaye. Hasken na faɗawa kan tawadar cikin ƙasa da ƙiftawar ido, ya farfasa ta, jiki kuma ya kwashe ɓarɓashin sannu a hankali.

Saboda haka aikin ba na rana ɗaya ba ne. Akan koma sau shida zuwa goma ko fiye, tsakanin kowane zuwa da na gaba mako shida zuwa takwas. Baƙar jarfa ta gargajiya ta fi saurin fita, kore da rawaya su ne masu taurin kai.

Ga mai baƙar fata akwai abin lura. Hasken na iya bugun launin fatar kanta, wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu. Shi ya sa likitoci suka fi amincewa da irin lezar da ake kira Nd:YAG, mai lamba 1064, kuma sukan gwada ɗan wuri tukuna. Wanda tabonsa kan kumbura ya yi tudu in ya ji rauni, lalle ya gaya wa likita tun da fari.

Bayan an yi aikin wurin zai kumbura, watakila ya yi bororo. Sai a ɗora ƙyalle mai sanyi, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu marar kaifi, a shafa man Vaseline, a rufe da bandeji. Kada a fasa bororon, kada a ɓare ɓawon, a kuma kare wurin daga rana, musamman ga manomi da makiyayi. In aka ga ruwan mugunya ko zazzaɓi, a koma asibiti ba tare da jinkiri ba.

Babban haɗari shi ne gaggawa. Ruwan batir, da man bilicin, da ƙarfe mai zafi, ƙuna suke bari wadda ta fi jarfar muni. Mai bukata ya fara da asibiti, kamar na Sa Yahaya a Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya nemi a haɗa shi da likitan fata, kafin ya miƙa fuskarsa ko kuɗinsa ga kowa.