Yadda ƙaramin manomi ke rayuwa a tsibirin Uist ta Kudu

Ɗan'uwa manomi, yau za mu leƙa wata gona mai nisa. A yammacin ƙasar Sikotland, can arewacin Birtaniya, akwai jerin tsibirai da ake kira Hebrides. Ɗaya daga cikinsu shi ne Uist ta Kudu, ana furta shi "Yuwist". Tsawonsa kusan kilomita 35 ne, mutanensa ba su kai 2,000 ba, kuma da yawansu harshen Galik suke yi a gida, ba Turanci ba. Daga tashar Lochboisdale zuwa Mallaig da ke kan tudu, jirgin fito yana ɗaukar wajen awa uku da rabi, in teku ta kwanta ke nan.

Ƙananan gonakin da ke wurin ana kiran su kurof. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, kurof ba girman gona ba ne kawai, tsari ne na riƙon ƙasa da doka ta tsaya masa. Akwai irinsu sama da 20,000 a arewaci da yammacin Sikotland. Yawancinsu 'yan hekta kaɗan ne kusa da gida, sannan kowanne yana da kaso a makiyayar ƙauye da ake kiwo a cikinta tare.

Wannan doka ba kyauta aka ba su ba. A ƙarni na 18 da na 19 masu manyan filaye sun riƙa korar talakawa daga gonakinsu don su zuba tumaki. A 1851 mai tsibirin a lokacin, Kanar John Gordon, ya sa aka loda mutanen Uist ta Kudu da na Barra cikin jirage aka kai su Kanada, wasu da ƙarfin tsiya. Bayan tarzomar da manoma suka yi a tsibirin Skye a 1882, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, sai ga dokar 1886. Ta ce muddin manomi yana biyan haya kuma yana aikin gonar, mai ƙasa ba zai kore shi ba. Ba mai ƙasa ne zai yanka kuɗin haya yadda ya ga dama ba, kuma gonar tana iya wucewa ga magaji. In manomi ya bar ta, sai an biya shi gyaran da ya yi mata. Duk wanda ya taɓa kai taki gonar aro, ta yi kyau, mai ita ya karɓe abinsa da damina ta zagayo, ya san nauyin wannan magana ba sai na yi dogon bayani ba.

To, yaya ƙasar take? Tsibirin ya rabu biyu. Gabas duwatsu ne da tuddai da fadamu masu baƙar ƙasa mai tsami, garma ba ta da aiki a wurin. Yamma kuwa shimfiɗaɗɗen fili ne na rairayi a bakin teku, wanda suke kira machair. Rairayin nan ba irin na jigawa ba ne. Mafi yawansa ɓawon halittun teku ne da igiyar ruwa ta niƙe, iska ta kwaso shi tudu. Saboda haka yana da alli da yawa, ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe taki, kuma da ka buɗe shi da yawa iska za ta kwashe maka gona. Itatuwan da za su tare iskar ma kusan babu su.

A nan ne dabararsu ta burge ni a matsayina na malamin gona. Takinsu daga teku yake fitowa. A watannin sanyi, guguwa tana tumɓuko ciyawar teku ta jibge ta a gaɓa. Manomi zai tafi da tarakta da tirela ya kwaso, ya tara ta ta ɗan ruɓe, sannan ya watsa a gona kafin huɗa. Tana ba ƙasa abinci, musamman fotash, amma babban aikinta shi ne ɗaure rairayin da riƙe laima. Kuma dole ka yi sauri, don tekun da ya kawo ta yau yana iya janye abinsa gobe. Huɗar ma sama-sama ake yi, kada a tono rairayin ƙasa a bar wa iska. Ana shuka fili shekara biyu, a bar shi saura shekara biyu, ciyawa da furanni su rufe shi ya farfaɗo.

Abin da suke shukawa ba baƙon iri ba ne. Akwai wani ɗan siririn hatsi da ake kira ot, da rai, dangin alkama, da wata tsohuwar sha'ir mai suna bere. Sau da yawa a cakuɗe ake shuka su a fili ɗaya. Dalili kuwa, ƙasa mai alli tana ɗaure sinadarin manganis, sai ka ga irin zamani ya yi rawaya ya tsaya, su kuwa waɗannan na gargajiya sun jure. In shekara ta yi fari, rai ya tsaya. In ta yi ruwa, ot ya yi kyau. Irin nan ba a kanti ake sayen sa ba, manoma ne ke ajiye shi hannu da hannu. Shi ya sa dinyar daji ta zame musu annoba. Garken dinya yana iya sauka a gona dab da girbi ya tattake ta. Don gudun haka wasu suke yanke amfanin da wuri, tun yana ɗanye, su naɗe shi a leda ya zama abincin shanu. Dabba ta samu, amma iri bai nuna ba. In kowa ya yi haka shekaru a jere, irin ya tafi ke nan.

Ka lura, wannan hatsi galibi ba na tukunya ba ne, na shanu ne. Na gida shi ne dankalin Turawa, da ɗan kabeji da karas a bayan katanga, da kaji. Sauran cefane daga kanti yake, kantin kuma jirgi yake jira.

Shekarar manomin kurof da dabba take juyawa. A Nuwamba ake sakin raguna cikin tumaki, haihuwa ta zo Afrilu zuwa Mayu, lokacin da sabuwar ciyawa ke fitowa. A makonnin nan barci kaɗan ne, ana zagaye dare da asuba, don ɗan rago da aka haifa cikin ruwan sama da iska mai sanyi ba ya daɗewa in bai sha dakashi ba. Wajen Yuli ake sausayar gashi. Da kaka ake kai 'yan raguna da maruƙa kasuwar gwanjo, masu saye su tsallaka da su tudu su yi kiwon turka, don tsibirin ba shi da abincin da zai kai su nauyin yanka a cikin sanyi. Cututtukan da suke fama da su ma za ka gane su: tsutsar hanta a wuraren da ruwa ke kwanciya, da ramewar tumaki saboda ƙarancin kobal a ciyawa.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafi 'yan ƙungiya. Makiyayar ƙauye ba sakaka take ba. Kowace kurof tana da adadin dabbobin da aka yarda ta sako, a rubuce. Masu kaso suna zaɓen kwamiti duk shekara uku, da magatakarda mai riƙe littafi. Kwamitin ne ke kula da shinge da garken tara tumaki da magudanun ruwa, ya raba kuɗin gyara a kan kowa. Tattaro tumaki daga tuddai aikin gayya ne, a sa rana, kowa ya fito da karensa. Hatta bijimin barbara ba sai kowa ya ajiye nasa ba. Gwamnatin Sikotland tana da gona kusa da birnin Inverness inda take ajiye bijimai masu kyan iri, ƙauye ya haɗa kuɗi ya ɗauko haya, in an gama a mayar. Ni dai a ganina ƙarfin tsarin ba a kwamitin yake ba, a rubutaccen adadin yake. Rigima tana tashi a can kamar ko'ina, har takan kai gaban hukumar kula da kurof da ke Inverness, amma akwai takardar da za a buɗe a duba.

Makamashi ma daga ƙasa wasu gidaje suke haƙo shi har yau. A fadamun tudu akwai ruɓaɓɓen tsiro da ya daskare shekaru dubbai ya zama kamar baƙin laka. A Afrilu ko Mayu ake yanko shi da wata irin cebur, gunduwa-gunduwa kamar tubali, a shanya, a jingina su da juna iska ta busar, sannan a kwaso gida a jera. Yana ci da wuta a hankali, da hayaƙi mai ƙamshi na daban. Yawancin gidaje yanzu sun koma mai da lantarki, amma in farashi ya hau sai ka ga an tuna da tsohon rami.

Kada ka ɗauka kurof tana riƙe gida ita kaɗai. Ba ta yi, kuma tun asali ba a yanka ta don ta yi ba. Mai ita yakan zama direba, ko malamar makaranta, ko ma'aikacin gonar kifi, ko mai kamun ƙaguwa, ko mai saukar baƙi 'yan yawon buɗe ido. A tsibirin Lewis da Harris wasu masaƙa ne, suna saƙa yadin ulun nan Harris Tweed, wanda dokar 1993 ta ce sai an saƙa shi da hannu a gidan ɗan tsibiran kafin ya ci sunan. Sai kuma tallafin gwamnati. Wani daga ciki na kare tsuntsaye ne. Akwai wani tsuntsu mai kama da ƙaramar fakara da ke ƙyanƙyasa cikin ciyawar gonakin nan, in sanyi ya matso ya taso Afirka, kudu da Sahara. Ana biyan manomi ya jinkirta yankan ciyawa zuwa Agusta, kuma ya fara daga tsakiyar fili zuwa gefe don 'yan tsakin su samu hanyar gudu.

A 2006 mutanen tsibirin, tare da na Eriskay da Benbecula, suka saye ƙasar baki ɗaya, wajen eka 93,000, a kan fam miliyan 4.5. Yanzu kamfanin al'umma ne mai ƙasa, yana da injinan iska uku da ke kawo masa kuɗin lantarki. Jikokin waɗanda aka kora sun zama masu karɓar haya.

Duk da haka ba a huta ba. Doka ta ce mai kurof ya zauna cikin kilomita 32 daga gonarsa kuma ya yi aikinta, amma akwai gonaki da yawa da masu su ke birni, sun bar su ga ciyawa. Haƙƙin riƙon ma ya zama abin sayarwa da tsada, saurayin da ke son noma ba zai iya saya ba, sai ya bi jirgi. Ga teku tana cin gaɓar yamma, inda ƙasar noman take. A Janairun 2005 wata guguwa ta tura ruwa cikin tsibirin, mutum biyar 'yan gida ɗaya suka rasu suna ƙoƙarin tserewa a mota.

A Disamba hasken rana bai kai awa bakwai ba. Mai kurof yakan ba shanu ciyawa da fitila a goshi kafin ya tafi wurin aikinsa na albashi, ya dawo cikin duhu ya sake zagaya su. In iska ta hana jirgi tashi kwana biyu ko uku, buhun abincin dabba da ya yi oda yana can Mallaig yana jira, shi kuma yana lissafin sauran damin da ke rumbu, ko zai kai shi Afrilu.