Kwamin Kifi Ma Gidan Haya Ne

Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Gwange ko Bulumkutu ya san ba faɗin ɗaki ke kawo kwanciyar hankali ba. Famfo ɗaya, makewayi ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Mai gida ya yi sake ya ba mafaɗaci ɗakin tsakiya, to kowa ya shiga uku. Shi ya sa dattawan masu gidaje ba sa karɓar kuɗi sai sun ji daga ina mutum ya taso, kuma me ya tashe shi.

Wannan tambayar ce sababbin masu kiwon kifi kan manta. Tun da rikici ya takura kamun kifi a Baga, matasa da dama a Maiduguri suka kafa kwami a bayan gida, na siminti ko na tamfol, suna fatan kai kaya kasuwar kifi ta hanyar Baga. Sai mutum ya zuba duk ɗan kifin da ya samu da araha, bayan wata guda ya ƙirga ya ga sun ragu, alhali bai ga gawa ko ɗaya ba. Ba ɓarawo ba ne. Maƙwabci ne ya cinye maƙwabci.

Tarwaɗa ita ce ɗan hayan da ba ya ƙorafi. Tana shaƙar iska daga sama, don haka ko ruwa ya yi dauɗa, ko zafin Afrilu ya haura digiri 40, tana nan daram. Aibinta ɗaya: duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, har ƙanenta. A cikin ƙyanƙyasa guda wasu kan yi saurin girma, su koma farautar 'yan'uwansu. Maganin shi ne a riƙa ware su tun suna ƙanana, tsara da tsara, kamar yadda uwa mai hankali ba ta haɗa ɗan yaye da ƙaton saurayi a akushi ɗaya.

Karfasa kuwa mai yawan iyali ce. Uwar a baki take goyon ƙwanta har ya ƙyanƙyashe, saboda haka 'ya'yan da yawa kan tsira. Ka ba ta ɗaki guda, kafin shekara ta cika tsakar gida da yara, abinci ya kasa, kowa ya tsumbure. Kuma ba ta da juriyar tarwaɗa: ruwa ya yi zafi, iskar cikinsa ta ragu, da asuba za ka gan ta a sama tana haki. A nan hikimar masu kiwo take. Sai su bari karfasa ta fi ƙarfin baki, sannan su sa mata tarwaɗa kaɗan, su rage yawan ƙananan, iyayen su samu sararin yin ƙiba. Mafaɗacin nan ya zama mai gadi, don an san lokacin da aka ba shi makulli.

Akwai kuma wanda ba a ba shi ɗaki ko nawa ya biya: giwan ruwa. A Tafkin Chadi ɗan gida ne, sauran kifaye sun san shi, sun san maɓuya. Amma da aka kai shi Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya tarar da waɗanda ba su san halinsa ba, har nau'in ƙananan kifaye kusan 200 suka ɓace. Tafki mai faɗin ƙasa guda bai iya da shi ba, balle kwamin da bai kai ɗakin kwana ba. Ba a ba kura ajiyar nama.

Hatta masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi don ado, waɗanda ke dama gishiri wajen giram 35 a kowace lita, wannan dokar suke bi. Sai masu sanyin hali sun zauna sun saba da wuri ake kawo mai zafin kai, kuma baƙo sai ya yi makonni a keɓe, a tabbatar ba ya ɗauke da cuta.

Don haka wanda zai sake zuba kifi, musamman waɗanda ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 ta mayar baya, ya yi irin tambayar dattawan Gwange kafin ya miƙa kuɗi. Me yake ci? Ina girmansa zai tsaya? Yaya faɗin bakinsa? Ɗan haya in ya ishe ka, ka ba shi wa'adi ya kwashe kayansa. Shi kuwa kifi, ranar da ka gane halinsa, maƙwabtan suna cikinsa.