Ruwan Matan Fada da Masu Shi

Bikin kamun kifi na Argungu da tarbar baƙo ya soma. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, sai Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya sa aka yi gagarumin su don karrama shi. Shi ya sa Bakabe ba ya ƙyamar mai yawon buɗe ido, Bature ne ko ɗan Legas. Baƙonka annabinka, in ji Hausawa, a Argungu kuwa maganar ta zauna daram.

Sai dai ruwan da masu shi. Ba kowa ke jefa koma a kogin Matan Fada, inda ake bikin, yadda ya ga dama ba. Ana killace wurin ne har kifi ya ƙosa, kuma ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya duba ya ba da izini. Ranar su, dubban masunta kan jeru a bakin gaɓa, kowa da homarsa da gorarsa, makaɗa na zuga su daga cikin kwalekwale. Da an ba da alama sai su afka gaba ɗaya, ruwa ya turɓune, cikin kamar awa guda a fara ciccibo giwan ruwa zuwa ma'auni. Kifin da ya zo na ɗaya a 2020 kilo 78 ya yi. Baƙo ya ɗauki hoto iya son ransa, amma kayan su na gargajiya ne, ba a sauya su don a burge shi.

Kuɗin da bikin ke kawowa ma ba a raina su ba. Masu masauki, masu tuwo da 'yan kabu-kabu sun ji a jikinsu lokacin da bikin ya tsaya wajen shekara goma kafin a farfaɗo da shi a 2020, alhali UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya tun 2016.

Abin da ke damuna shi ne ciniki na kwana huɗu ne kawai. Manyan baƙi na tashi, gari ya koma noman shinkafarsa. Duk gwamnatin da ke son baƙi su riƙa zuwa rani da damina, ta fara zama da fada da Sarkin Ruwa kafin ta kira 'yan kwangila. Kai kuma mai karatu, in ka je, ka leƙa Gidan Tarihi na Kanta kafin ka kama hanya.